Ƙaura zuwa wani yankin ƙasa bayan shekara 40: abin da ake fara yi da abin da ake bari sai ƙarshe

Masu karatu sun sha aiko da tambaya kan yadda wanda ya haura shekara 40 da haihuwa zai yi ƙaura zuwa wani yanki, kowa da irin tasa larurar. Wani canjin wurin aiki aka yi masa, wata kasuwarta ce ta tsaya cik a inda take, wani kuma rashin tsaro ko rashin lafiya ko tsufan iyaye ya tilasta masa tattara komatsansa. Amma tambayar guda ce: ta ina ake farawa? Saurayi ɗan shekara 25 jaka ɗaya ta ishe shi, in wurin bai karɓe shi ba ya juyo. Mai shekara 45 ko 50 yana da 'ya'ya a makaranta, da iyayen da suka dogara da shi, da kayan da aka tara shekara da shekaru, wataƙila da bashi ko maganin da yake sha kullum. Yawancin asarar da irinsa ke tafkawa daga rikita jerin matakai take zuwa, mutum ya sayar da gida bai ga inda zai sauka ba, ko ya ajiye aiki kafin sabon ya tabbata. In da hali ka ba kanka wata 6. Ƙasa da wata 3, sai dai a yi abin a gurguje.

1. Zauna da iyalinka kafin maganar ta fita waje

Miji da mata su fara zama su kaɗai, kafin yara su ji, kafin dangi su sa baki. A amsa tambayoyi uku ƙarara: wa zai fara tafiya, wa zai biyo baya, wa ba zai tafi ba ko kaɗan. Sannan a rubuta dalilin ƙaurar a layi ɗaya. Idan dalilin ya ƙi rubutuwa a layi ɗaya, da sauran tunani.

Gargaɗi: in faɗa da wani ne, ko rasuwa, ko rabuwar aure ta ingiza ka, dakata 'yan watanni kafin ka yanke hukuncin da ba ya warwaruwa. Haka kuma kada a manta cewa ɗaya daga cikin ma'auratan bin ɗaya kawai zai yi. Mai biyowar nan shi ke barin aikinsa ko sana'arsa da ƙawayensa ba tare da wani abu na jiransa a can ba. Uwargida, idan ke ce mai bi, wannan ne lokacin faɗin abin da za ki rasa da abin da kike so a tanadar miki, tun ba a ɗaure kwali ko ɗaya ba.

2. Tabbatar da hanyar samu

Kada ka taɓa komai sai wannan ya zauna. Ma'aikaci ya riƙe takardar ɗaukar aiki ko ta canjin wuri a hannu, mai ɗauke da ranar farawa da albashi da sa hannu. Alkawarin baka, ko da na aminin shekara 30 ne, ba a ajiye aiki a kansa. Tambayi sabon wurin aikin ko suna biyan kuɗin ƙaura ko masaukin wucin gadi. Wurare da yawa suna biya, amma sai wanda ya tambaya kafin ya sa hannu. Duba kuma wa'adin sanarwar barin aiki da ke cikin yarjejeniyarka ta yanzu, da abin da zai faru da fanshonka da kuɗin sallama in ka tafi kafin cikar wasu shekaru. Akwai wanda ya rasa haƙƙi mai tsoka saboda ya tafi saura wata 4 ya cika adadin shekarun da ake bukata.

Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, naku ya fi wuya, domin jarinku na gaskiya shi ne mutanen da suka san ku, kuma waɗannan ba sa shiga mota. Ka ɗauka cewa a sabon wuri daga tushe za ka fara. Kada ka rufe tsohon shago a rana ɗaya. Bar shi a hannun amintacce, da littafin shiga da fita, ka je ka gwada can da ƙaramin jari. In sana'arka na buƙatar lasisi ko rajista, bincika ko wadda kake da ita tana aiki a sabon yankin, don wasu izinin na hukumar yanki ne, ba sa tsallake iyaka. Sakin reshe a kama ganye a wannan shekarun ba ƙaramar kasada ba ce.

3. Je ka gani da idonka, a lokacin da garin bai yi kwalliya ba

Ziyarar biki ko ta hutu ba ta nuna gari. Je ka yi aƙalla mako guda, a ranakun aiki, kuma in zai yiwu a lokacin da yanayin wurin ya fi tsanani, ruwa ne ko zafi ko sanyi. Tashi da safe ka bi hanyar da za ka riƙa bi zuwa aiki a daidai lokacin cunkoso, ka duba agogo. Shiga kasuwa ka tambayi farashin abubuwa goma da gidanka ke saya kowane mako, ka rubuta. Leƙa asibiti mafi kusa, ka ga ko suna da likitan ciwon da wani a gidanka ke fama da shi. Idan harshen da ake yi a wurin ba naka ba ne, ka lura da kyau ko za a iya ciniki da neman taimako da harshen da kake ji.

Kada ka dogara da bakin mutum ɗaya. Wanda ya gayyace ka zai yabi garin, wanda ya baro shi zai kushe shi. Nemi wanda ya ƙaura can shekara biyu ko uku da suka wuce, shi ne bai manta wahalar farko ba.

4. Lissafin kuɗi

Nan ne ake yawan yaudarar kai. Mutane kan lissafa kuɗin mota da na haya su ce shi ke nan. Ɗauki takarda ka raba ta gida uku.

Gida na farko, kuɗin da za a kashe sau ɗaya: hayar farko, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa, la'adar dillali, kuɗin lauya in akwai, motar kaya, 'yan dako a nan da can, kwalaye da igiya, canza makullai, labule, gyaran famfo da wuta, rajistar makaranta da yunifom da littattafai. Saka har da hayar gida biyu a lokaci guda, domin da wuya ranar fita daga tsohon gida ta yi daidai da ranar shiga sabo.

Gida na biyu, kuɗin wata-wata a sabon wuri: abinci, sufuri, wuta da ruwa, makaranta, magani. Yi amfani da farashin da ka rubuto a mataki na 3, kada ka yi amfani da na inda kake. Albashin da ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a garin da haya ta ninka yana iya zama ragi. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne kada haya ta wuce kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ke shigowa.

Gida na uku shi ne wanda kusan kowa ke mantawa: kuɗin komawa. Mai shekara 50 yana da iyaye tsofaffi da 'yan'uwa da yawa. Za a yi rashin lafiya, za a yi aure, za a yi rasuwa, kuma za a kira ka cikin dare. Lissafa kuɗin zuwa da dawowa sau nawa a shekara, ka ƙara tafiyar gaggawa biyu a kai.

Haɗa gida na farko ka ƙara kashi 20 cikin 100 don abin da ba a zata ba. Bayan wannan, a ajiye kuɗin da zai riƙe gida wata 3 zuwa 6 ko da ba abin da ya shigo; mai sana'ar kansa ya nufi 6 ɗin.

Gargaɗi: kada ka fasa kuɗin fansho ko ka ci bashi mai ruwa don ɗaukar nauyin ƙaura. Shekarun da suka rage maka na aiki ba su kai na cike irin wannan gurbi cikin sauƙi ba. In lissafi ya ƙi fita, mutum ɗaya ya fara tafiya, iyali su biyo bayan wata 6.

5. Gida: kama haya tukuna

Ra'ayina a nan ba ya canzawa. Shekarar farko haya ake kamawa, ko da kuɗin saye na aljihu. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ba ka san unguwar da ruwa ke ci ba, ba ka san filin da ake shari'a a kansa ba, ba ka san ko aikin zai ɗore ba. Haka nan tsohon gidanka, in naka ne, kada ka sayar a shekarar farko. Sa 'yan haya da yarjejeniya a rubuce, ko ka bar wani a ciki, domin gidan da aka kulle aka tafi lalacewa yake yi.

Ranar duba gida, kada ka tsaya a falo kana kallon fenti. Buɗe kowane famfo, ka ja ruwan bayan gida. Dubi ƙasan katanga daga waje: layin datti da ya miƙe a tsayi ɗaya alamar inda ambaliya ta kai ce. Ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo, ka shinshina cikin kabad ko akwai warin danshi. Shiga kowane ɗaki da wayarka ka ga ko akwai sabis. Karanta mitar wuta da ta ruwa ka tambaya ko akwai bashin da tsohon ɗan haya ya bari. Sannan ka dawo da daddare kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka ji hayaniya, ka ga haske, ka gaisa da maƙwabci. Wanda gwiwa ta fara damunsa, ko zai zo da tsohuwa, ya yi tunani sau biyu kafin ya karɓi hawa na uku.

Gargaɗi: kada ka tura ko sisi a kan gidan da hotonsa kawai ka gani. Wata damfarar da ke yawan kama baƙi ita ce a nuna musu gida na gaske, a karɓi kafin alƙalami, ashe mai karɓar ba shi da alaƙa da gidan. Ga mai gida ko wakilinsa da ke da takardar wakilci, biya ta banki, karɓi rasit, kuma a rubuta a yarjejeniya wanda zai yi wane gyara da yadda za a mayar da kuɗin ajiya. Ɗauki hoton kowane ɗaki kafin kaya su shiga.

6. Makaranta, asibiti da iyaye

Ranar ƙaura makarantar yara ce ke tsayar da ita. Mafi kyau a tashi a dogon hutun ƙarshen shekarar karatu. Yaron da ke ajin jarrabawar kammalawa a bar shi ya ƙarasa a inda yake, wurin ɗan'uwa ko a makarantar kwana, domin rajistar irin wannan jarrabawa da makaranta ake ɗaure ta. Sami gurbi a sabuwar makaranta kafin ka cire yaro daga tsohuwa, ka karɓi takardar canji da sakamakon zangunan baya da katin rigakafi na ƙanana.

Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya je wurin likitansa wata guda kafin tafiya. Ya nemi taƙaitaccen bayanin ciwonsa a rubuce, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da sunan sinadarin kowane magani da adadin da yake sha, don sunan kamfani kan bambanta daga wuri zuwa wuri. Ya tafi da maganin wata 2 ko 3 in likita ya amince. Yanke maganin hawan jini kwatsam saboda ba a samu sabon likita ba haɗari ne. Masu allurar insulin su sani cewa wadda ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son ƙanƙara, don haka a jakar sanyi za ta yi tafiya, a jikin mai ita, ba a bayan motar kaya ba. Mai inshorar lafiya ya tambaya ko akwai asibitin da ke karɓarta a can.

Maganar iyaye kuwa a yi ta da 'yan'uwa a zaune, a raba aiki da suna: wa ke kai Baba asibiti, wa ke sayen magani, kai da za ka yi nisa me za ka riƙa turowa. In aka bar ta a kan "za mu san yadda za a yi", ƙanwar da ta fi kusa ce za ta ɗauki komai, kuma daga nan zumunci ke fara tsami. Ɗauke tsoho daga inda ya saba ba ƙaramin abu ba ne, musamman wanda mantuwa ta fara kamawa, don sauyin wuri kan ƙara rikita su. A tambaye shi, a tambayi likitansa.

7. Takardu

Fayil ɗaya: takardun haihuwa, na aure, na makaranta, na gida da fili, na mota, katin shaida, lasisin tuƙi, takardun fansho da na haraji. Ɗauki hoton kowanne ka ajiye a imel ɗinka. Biya bashin wuta da ruwa na tsohon gida, ka ɗauki hoton mita ranar fita. Bayan an sauka, a canza adireshi a banki da wurin aiki da kamfanin inshora, a nemi mayar da rajistar zaɓe tun kafin a rufe. Karɓi bashin da kake bi, ka biya wanda ake bin ka. Daga nesa duka biyun wahala suke.

8. Rage kaya, sannan a ɗaure

Fara mako 6 kafin tafiya. Motar kaya da girma da nisa ake biyanta, saboda haka duk abin da kuɗin ɗaukarsa ya kusa kuɗin sayen wani a can, sayar da shi ko ka bayar. Tsofaffin kujeru da katon kabad ɗin da ba ya kwancewa su ne kan gaba. Abin da aka shekara biyu ba a taɓa ba shi ma ya tafi, ban da takardu da hotuna.

Kayan aiki: kwalaye masu kauri manya da ƙanana, salatif mai faɗi, alƙalamin maka, igiya, tsofaffin jaridu, barguna, ledoji ƙanana, tamfol, sukundireba da sifana. Littattafai da duk abu mai nauyi a ƙananan kwalaye, kada kwali ya wuce kilo 20. Faranti a tsaye ake jera su, kowanne a naɗe, a cusa tsumma a duk inda ya rage har kwalin ya daina ƙara in an girgiza. Rubutu a gefen kwali ake yi, don in an ɗora wani a kai saman ba ya ganuwa: lamba, sunan ɗaki, sannan a rubuta abin da ke ciki a littafi daban. Kada a rubuta "gwal" ko "kwamfuta" a jikin kwali. In ka kwance gado, zuba kusoshinsa a leda ka manna ta a jikin katakon. Ɗauki hoton bayan talabijin kafin ka cire wayoyi.

Gargaɗi: a kashe firji kwana guda kafin tafiya, ƙanƙara ta narke, a goge shi. A tsaye ake ɗaukarsa, kuma in an sauke a bar shi aƙalla awa 4 kafin a jona; in dole ta sa aka kwantar da shi, a ba shi awa 24 a tsaye. A tsiyaye man janareta da na babur. Tukunyar gas a rufe ta gam, a cire tiyo, a ɗaure ta a tsaye inda iska ke shiga, nesa da rana.

9. Mota da ranar tafiya

Nemi farashi daga wuri uku, kuma kowanne ya zo ya ga kayan da idonsa, don farashin waya canzawa yake yi ranar lodi. A rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa: lodi, saukewa, hawa bene, kuɗin hanya, kwanan direba, da wanda zai biya in abu ya fashe. Kada ka biya duka kafin kaya su isa. Riƙe lambar mota da ta direba da hoton katin shaidarsa, kuma in kamfani ba sananne ba ne, wani naka ya bi motar. Buɗaɗɗiyar mota dole a rufe ta da tamfol ko da sama fes take.

Masu nauyi su fara shiga, kusa da kan mota; katifu da kayan kicin su shiga ƙarshe don su fara fita. Fayil ɗin takardu, kuɗi, gwal, magani da kwamfuta suna tare da kai. Haka ma jakar daren farko: zanin gado, tawul, sabulu, kayan sawa na kwana biyu, caja, tocila, kwan fitila biyu, kofuna da ruwan sha. A tashi da sassafe a isa da rana. Mai tuƙa kansa ya tsaya hutun minti 15 duk bayan awa 2. Kuma don Allah, Malam, bar wa 'yan dako ɗaukar firji. Ciwon bayan da aka kwaso a ranar ƙaura yakan cinye watan farko na sabon aiki. Ana saukewa a ƙirga kwalaye da littafin nan kafin a sallami direba.

10. Watannin farko

Rana ta farko a canza makullai, a haɗa gadaje, a tayar da kicin. Sauran su jira. Cikin makon farko ka shiga ka gaida maƙwabta da kanka, ka san hanyar asibiti da kantin magani da ofishin 'yan sanda, ka buɗe fayil a asibiti tun kana lafiya. Nemi sunan mai gyaran famfo da na wuta da makanike daga bakin maƙwabta.

Abokai a wannan shekarun ba sa zuwa da kansu, kowa ya riga ya cika da nasa. Abin da ke aiki shi ne zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya kowane mako har fuskarka ta zama sananniya: wurin ibada, ƙungiyar masu sana'arka, taron iyayen yara, filin motsa jiki. Ƙungiyar 'yan yankinku tana da amfani sosai a farko, amma kada ka maƙale a cikinta kaɗai. Koyi gaisuwar mutanen wurin, kuma ka riƙe bakinka daga "mu a wajenmu ba haka ake yi ba". Sa ido a kan wanda ke wuni a gida da kuma matasan yara, su kewa ta fi kamawa. In baƙin ciki da rashin barci da ƙin cin abinci suka wuce mako biyu ba sauƙi, a ga likita.

Rubuta duk abin da aka kashe a wata 3 na farko ka gwada shi da lissafin mataki na 4. Kada a ɗauki wani sabon babban nauyi, mota ko fili, a wannan tsakanin. Saura wata 3 haya ta ƙare, a sake zama irin na mataki na 1, da takardar dalilin nan da littafin kashe kuɗi a gaba, a yanke ko za a sabunta haya, ko a canza unguwa, ko a fara neman na saye. Sai an yanke wannan ake taɓa maganar sayar da tsohon gida.